Daga Gafaka Zuwa Waya: Hausar Wa Ake Tarawa?

Har zuwa shekarun 1970, in ana neman inda aka adana magana a ƙasar Kabo da Gwarzo, a yammacin Kano, wuri uku za a dosa. Na farko zauren malam, inda kundi ke cikin gafaka, rataye a bango ko ajiye a adaka. Na biyu ƙofar hakimi da ta dagaci, inda magatakarda ke riƙe da littafin haraji da jangali da wasiƙun da ke zuwa daga birni. Na uku, wanda ya ninka waɗannan biyun nesa ba kusa ba, shi ne kawunan mutane: tsohuwar da ba ta rasa tatsuniyar kowane dare, maroƙin da ya haddace kirarin gidan sarauta kaka da kakanni, maharbin da ya san sunan kowane itace da amfaninsa, da matan da ke da waƙar niƙa da ta daɓe da ta raino.

Yau an sami wuri na huɗu, ya kuma shanye sauran. Tun da wayar hannu ta shigo Najeriya a 2001, musamman bayan WhatsApp ya zama ruwan dare, manomi a Garo ko Durun ko Kutama yana aika saƙon murya ga ɗansa da ke ci-rani a Legas, 'yan mata suna karanta littafi a waya, wa'azi da waƙa da sanarwar ɗaurin aure duk suna yawo daga hannu zuwa hannu. Ba a taɓa naɗar Hausar wannan yanki da yawa kamar yanzu ba. Ba a kuma taɓa zubar da ita da sauri haka ba, domin da zarar waya ta cika sai a goge, in kuwa ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta, shi ke nan. Don haka ya dace mu waiwaya mu duba yadda aka riƙa tara Hausa tun farko, su wa suka tara, kuma muryar wa aka bari a waje.

Masu nazarin harshe suna da suna na musamman ga maganar da aka tara don a yi bincike a kanta. Da Ingilishi suna ce mata kofus, kalmar da aka aro daga Latin, inda take nufin gangar jiki. Da can Turawa kan kira dukkan abin da marubuci ɗaya ya bari da wannan suna, ko dukkan dokokin wata daula, kamar dokokin Rumawa da Sarki Jastiniyan ya sa aka tattara tsakanin 529 da 534. Daga shekarun 1960 ne masana harshe suka tsayar da ita a kan abin da aka fi sani yau: matani masu yawa, rubutattu ko na baka da aka mayar rubutu, waɗanda aka zaɓo bisa tsari aka zuba a kwamfuta domin a riƙa bincike da ƙirge a cikinsu. A nan zan kira ta taskar matani.

Wadda ta buɗe hanya ita ce ta Jami'ar Brown a Amurka. Henry Kučera da Nelson Francis suka ɗebo yanki 500 daga abubuwan da aka buga a ƙasar a 1961, kowane yanki kalma 2,000 ko kusa da haka, jimla kalma miliyan ɗaya. Ba daga wuri guda suka ɗebo ba. Sun kasa rubutun gida 15, da labaran jarida, da sharhi, da rubutun addini, da na kimiyya, da ƙagaggun labarai iri-iri. Daga baya Birtaniya ta haɗa tata, mai kalma miliyan 100, aka kammala a 1994. Kashi goma cikin ɗari na wannan maganar baka ce, har da hirar cikin gida, domin an ba mutane rikoda sun riƙa yawo da ita suna naɗa. Ƙamus ɗin Cobuild da ya fito a 1987 ƙarƙashin John Sinclair daga irin wannan taska aka ciro misalansa. Maimakon mai ƙamus ya zauna ya ƙago jimla, sai ya duba yadda mutane suka yi da kalmar da gaske.

Ke nan abin da ya raba taskar matani da tulin takardu shi ne zaɓi da shaida. Mai sayen dawa a kasuwar Getso ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ya ɗebo na tsakiya da na ƙasa kafin ya taya. Haka mai haɗa taska yake neman maganar namiji da ta mace, ta birni da ta ƙauye, ta masallaci da ta mahauta, sannan ya rubuta a jikin kowane matani wanda ya faɗa, da inda ya faɗa, da lokacin. Duk abin da bai shiga ba, mai ƙirga ba zai gan shi ba, wanda ya zo daga baya kuma zai ɗauka babu shi a harshen.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna da alarammomin tsangaya ya san harji: gwani ya gaya maka sau nawa kalma kaza ta zo a cikin Alƙur'ani da wasali kaza, a wace sura, me ya gabace ta, me ya biyo ta, in kuma ya zo rubuta Alƙur'ani da ka ya sa alamar hakan a gefen shafi. Aikin da kwamfuta ke yi wa taskar matani ke nan cikin ƙiftawar ido, su kuwa da ƙwaƙwalwa da tawada suke yi. Malaman hadisi sun koya mana isnadi, cewa ba a karɓar magana sai an san bakin da ta fito da hanyar da ta biyo. Hatta dalilin tarawa gadonsa muka yi: bayan yaƙin Yamama, da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya ba Sayyidina Abubakar shawara a tattara Alƙur'ani wuri guda, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin. Ba a haɗa darajar Littafin Allah da ta zancen mutane, amma darasin a fili yake: abin da ke ƙirjin mutum tare da shi yake tafiya.

Sai dai kundin malam, duk da albarkarsa, taska ce ta mutum ɗaya. A cikinsa akan sami waƙoƙin wa'azi da ajami, da addu'o'i, da laƙani, da wasiƙu, da ranar haihuwar wane da ta rasuwar wane, wani lokaci har da shekarar fari ko ta yunwa. Ba kowa ake buɗe wa ba. In mai shi ya rasu, rabon gado kan raba littafi ɗaya gida uku, gara ta ci wani kaso, yoyon damina ya jiƙa wani, jikan da ya yi boko kuma ya kalli ragowar ya kasa karantawa. Abin da ke kawunan mata da manoma kuwa, malam bai ɗauke shi abin ɓata wa tawada ba.

A zango na farko, waɗanda suka fara tara Hausar yau da kullum suka buga ta baƙi ne, kowa da bukatarsa. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka taɓa kamawa bawa, ya bi wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, zuwa Turai a 1855, ya zauna da ɗan mishan James Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi. Wannan ne ƙashin bayan littafin Magana Hausa na 1885. A can ƙasar Gana ta yau, Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta wa Jamusawa Krause da Mischlich tarihi da al'adun ƙasar Hausa da hannunsa. A 1913 wani Bature, Rattray, ya fitar da juzu'i biyu na abin da Malam Shaihu ya rubuta masa. Mafi girma duka shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, da Frank Edgar ya buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Malamai ne suka rubuta da ajami, da yawa a ƙasar Sakkwato inda Razdan Burdon ya fara sa a tara, Edgar ya mayar da su boko.

Ba don waɗannan littattafai ba, da kaso mai tsoka na abin da muka sani game da Hausar ƙarni na 19 ya bi ruwa, don haka godiya ta zama dole. Amma a duba yadda aka yi zaɓin. Bature yana neman abin da zai koyi harshen mutanen da zai mulka ko zai yi wa bishara, ya ci jarrabawar Hausa a ƙara masa girma. Sunansa ne a bango, malaman da suka sha wahalar rubutun kuwa kaɗan ne aka ambata. Tatsuniya aikin tsofaffin mata ne da dare, amma maza malamai ne suka rubuta ta da rana, da irin tasu Hausar. Muryar mai bayarwa da amshin yara ba su shiga takarda ba.

Zango na biyu a Zariya aka yi shi. Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar ƙaga labari a 1933, daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Mutanen yammacin Kano suna da abin tinƙaho a nan, tunda sunan Gwarzo yana cikin biyar ɗin farko. A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito da kalmomi kimanin 39,000, mai shi kuma ya yi abin a yaba, yana nuna kalmar da aka fi ji a Katsina ko Sakkwato ko wani yanki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Yaƙi da Jahilci ya zo ya ninka masu karatu. A wannan zango ne aka daidaita rubutu, aka kawo haruffa masu ƙugiya, aka ɗauki karin Kano ya zama ma'auni. An ci riba babba, domin Basakkwace da mutumin Bauci sun iya karanta takarda ɗaya. Amma edita yana da alƙalamin gyara, abin da ya yi masa kama da ƙauyanci kuma yakan soke. Mutumin Kabo zai iya cewa ai Kananci namu ne. Sai dai Kanancin littafi daban, wanda ake yi a bakin rijiya a Godiya daban.

Akwai aiki guda da ya saɓa wa wannan layi, kuma daga maƙwabtanmu ya fito. Baba, tsohuwa 'yar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, garin da ke ƙaramar hukumar Rogo yau, ta haɗu da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau, lokacin da mijin Baturiyar, M. G. Smith, yake bincike a can. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 Baba tana magana, Mary tana rubutawa da hannu. Ta ba da labarin ƙuruciyarta kafin zuwan Turawa, da harin masu kamun bayi, da zaman rinji, da aure-aurenta, da kishi, da ƙawance, da bori, da wankan jego da suna, da yadda ake riƙon ɗan wani. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Ingilishi a 1954, ya zama abin karantawa a jami'o'in duniya. Hausar da ta fito daga bakinta kuwa sai bayan shekaru da dama aka buga, kuma har yau ba kowane mai karatun Hausa ya taɓa riƙe ta ba.

Baba ba malama ba ce, ba 'yar sarauta ba, ba ta kuma yi boko ba. Abin da ya fitar da ita daban shi ne an sami wanda ya zauna ya saurare ta har ƙarshe, ya rubuta garinta da lokacin da ta yi maganar. A zamaninta akwai irinta a Kabo da Getso da Lakwaya da Masanawa, masu labarin da bai gaza nata ba. Nasu ya bi su kabari.

Bayan 'yancin kai aikin ya dawo gida. Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa a Kano, sun tattara takardun ajami da na Larabci. Ibrahim Yaro Yahaya ya tara Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Sa'idu Muhammad Gusau ya bi waƙoƙin makaɗa ya mayar da su rubutu a Diwanin Waƙoƙin Baka. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka haɗa ayyukan Nana Asma'u na Larabci da Fillanci da Hausa a littafi guda, daga takardun da gidan Waziri ya adana. Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Ban da waɗannan, kowace shekara ɗaliban Hausa kan koma garuruwansu su naɗo waƙar gaɗa ko kirarin 'yan tauri don kundin kammala karatu. Da yawa daga wannan wahala tana kan kanta ƙura ta rufe, kaset ɗin da aka naɗa kuwa ya daɗe da lalacewa.

A tsakiyar shekarun 1980 sai ga abin da ba hukuma ta shirya ba. Matasa da matan aure suka fara buga littattafai da kuɗinsu, abin da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano: su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwan wasu. Aka yi ta musu ko adabi ne ko shirme. Mai tara harshe ba ruwansa da wannan musu: ga Hausar cikin gida, ta kishiya da uwar miji da saurayi da budurwa, shafi dubbai, da yawa kuma hannun mata ne ya rubuta. Littattafan sun zaga gidaje ta hannun masu bayar da haya har suka yage. Takardarsu ba ta da ƙwari, ba kowane ɗakin karatu ya damu da ajiye su ba, har ta kai ɗaya daga cikin tarin da aka fi sani yana Landan, inda Graham Furniss ya adana a makarantar SOAS. Magadan waɗancan marubuta yanzu suna Wattpad da WhatsApp, inda littafi kan ɓace tare da lambar mai shi.

Zango na yanzu na na'ura ne. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disambar 2013, kuma yau akwai manhajojin da za ka yi wa tambaya da Hausa su amsa. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu nahawu. Taskar matani aka zuba musu, suka yi ta ƙirga wace kalma ke bin wace, wace jimlar Hausa ke tsayawa a madadin wace ta Ingilishi, har suka iya kwaikwayo. To me aka zuba? Abin da ke buɗe a intanet: labaran BBC, wadda ta fara sashen Hausa a 1957, da na DW da Muryar Amurka da RFI, da jaridu irin su Aminiya, da Wikipedia, da fassarar Littafi Mai Tsarki, da fassarar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi. Hausa ce mai kyau a fagenta, amma kaso mai yawa fassara ne, zancenta kuma zaɓe da yaƙi da kasafin kuɗi da ƙwallo. Shi ya sa na'ura za ta ba ka labarin Majalisar Ɗinkin Duniya tiryan-tiryan, amma in ka tambaye ta yadda ake biko, ko irin barkwancin da ke tsakanin taubasai, sai ta fara kame-kame. Ga kuma rubutun dandalin sada zumunta, inda aka watsar da ƙugiya, baki da baƙi suka zama abu guda.

Matasanmu ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyar Masakhane, da aka kafa a 2019 don harsunan Afirka, da ƙungiyar HausaNLP, suna haɗa taskoki da kansu. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna ware na yabo da na suka. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryar duk mai son karanta jimlolin Hausa. A Jami'ar Boston ana sa hotunan takardun ajami a intanet. Duk aikin alheri ne. Amma mai rubutu a irin wannan dandali ɗan boko ne mai kuɗin data, galibi mazaunin birni. Tsohuwar Dugabau ba ta can.

Abin da ke sa gaggawa shi ne magana tare da aikin da ya haife ta take mutuwa. Da injin niƙa ya shigo, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙar niƙa ta bi shi. Siminti ya kashe daɓe, da shi da waƙarsa. Injin ban-ruwa da ke ruri a bakin madatsar Guzuguzu ya sa yaro bai san jigo ba. Maganin feshi ya rage noman firi da maimai, gayya ta ja baya, gangar noma da kirarin sarkin noma sai jefi-jefi. Fim da waya sun kwashe yaran da ke zama gaban kaka bayan sallar isha'i, dandali ya yi shiru. Maguzawan da suka rage a yammacin Kano su ma suna da tasu Hausar ta noma da aure da bukukuwa, wadda jikokinsu ke bari. Ba kira nake yi a koma niƙa da hannu ba. Matan da suka yi shi sun fi kowa murna da inji. Abin da nake cewa shi ne waɗanda wannan Hausa ke bakinsu sun manyanta, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Tarawa kuma tana da ladabi, domin muryar mutum amana ce. Ba a shiga gida a naɗi matar aure ba da yardarta da ta maigidanta ba, kuma ya fi kyau mace ta naɗi mace. A gaya wa mai magana inda maganarsa za ta je, ko ɗakin karatu ne, ko intanet inda kamfani zai iya ɗauka ya koyar da na'urarsa, shi ya zaɓa da kansa. Malamin da ya ce wannan shafi na kundi sirri ne, a bar masa abinsa. Sauran a ɗauki hoto a gabansa, takardar ta zauna a gidan. Abin da aka yi wa malaman da suka yi wa Edgar rubutu kada a maimaita shi: duk wanda ya yarda a ambace shi, a rubuta sunansa.

Kayan aikin da Mary Smith ba ta samu ba yau yana aljihun ɗan sakandare. Malaman Hausa na makarantun Kabo da Gwarzo za su iya ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya zauna da kakarsa, ko wani dattijon sana'a, maƙeri ko masaƙi ko wanzami ko ungozoma, ya naɗi hira. A farkon naɗin ya faɗi gari, da kwanan wata, da shekarun mai magana, da sana'arsa. Ya rubuta abin da ya ji yadda aka faɗa, da ƙugiyarsa, kada ya gyara wa tsohuwa Hausa don ta yi kama da ta littafi, domin abin da zai gyara ɗin shi ake nema. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo ita ta fi dacewa ta zama ma'ajiya, Jami'ar Bayero kuma a kan hanyar Gwarzo take, ba sai an yi doguwar tafiya ba kafin a sami masanan da za su duba aikin. Hakimai da dagatai da ƙungiyoyin ci gaban gari, in suka sa baki, ƙofofin da ba sa buɗuwa ga baƙo za su buɗe.

Mai karatu, in akwai dattijo ko dattijuwa a gidanku, kada ka jira hukuma. Ka gaishe su, ka nemi izini, ka kunna waya, ka tambaye su yadda ake yi a da, sannan ka yi shiru ka saurara. Allah ya ba mu ikon yi tun masu maganar suna raye.